Motsa Jiki Daga Ƙuruciya Zuwa Tsufa: Abin da Jiki Ke Ajiyewa da Abin da Yake Zubarwa a Tsakanin Dattawa Maza da Mata

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan lafiyar dattawa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda motsa jiki ke sauyawa a tsawon rayuwar mutum, da abin da sauyin ke haifarwa ga lafiyar maza da mata idan sun manyanta. An bi diddigin manyan bincike-binciken da aka wallafa daga 1953 zuwa 2024, musamman waɗanda suka bibiyi mutane na tsawon shekaru, sannan aka ɗora sakamakonsu a kan tsarin rayuwar ƙasar Hausa. Abu uku suka fito fili. Na farko, in aka cire ƙashi, jiki ba ya ajiye wa mutum amfanin motsin ƙuruciya idan ya daina. Na biyu, wanda ya fara bayan ya shekara 40 ko 50, kai ko da 90 ne, yana cin moriya. Na uku, a ƙasar Hausa motsin jiki ɗaure yake da aiki, ranar da aiki ya ƙare shi ma yake ƙarewa, kuma wannan rana ba ta zo wa mace da namiji ta hanya ɗaya. Maƙalar ta ba da shawarar a kai ɗauki a daidai waɗannan mahaɗu na rayuwa da motsin ke yankewa.

1.0 Gabatarwa

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa ce wa dattijo ya riƙa motsa jiki ya san amsar da ke biyo baya. Namiji zai ce, "Yaro, ni da na yi noma shekara arba'in, wane motsi ne ban yi ba?" Mace kuwa ta ce, "Ɗan nan, dakan da na sha a gidan aure ai ya ishe ni." Maganar tasu ba gardama ba ce kawai. Da'awa ce da ake iya aunawa, wato cewa wahalar da jiki ya sha a ƙuruciya ajiya ce da mutum zai ci a tsufa. Wannan maƙala ta ɗauki da'awar da muhimmanci, ta tambayi inda take da gaskiya da inda ta kauce.

Tambayar ta zo a kan kari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60, zuwa 2050 kuma yawansu zai kai biliyan 2.1. Ƙididdigar da hukumar ta fitar a 2024 ta nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon buƙata. Mata kashi 34 ne, maza kashi 29, kuma rashin motsin yana ƙaruwa daga shekara 60 zuwa sama. Ke nan waɗanda suka fi buƙatar motsi su ne suka fi zama.

2.0 Ma'anar Kalmomi da Hanyar Nazari

A nan "motsa jiki" ya haɗa duk wani motsi da tsoka ke yi wanda yake cin ƙarfi, kamar tafiya, noma, shara, daka da hawa keke. "Atisaye" kuwa shi ne motsin da aka tsara, ake maimaita shi da niyyar ƙarfafa jiki. Caspersen da abokan aikinsa ne suka daidaita wannan rabe-rabe a 1985. "Dattijo" a maƙalar shi ne wanda ya kai shekara 60, mace ko namiji.

Hujjojin iri biyu ne. Akwai binciken bibiya, inda ake bin rukunin mutane shekara da shekaru ana lura da wanda ya kamu da ciwo ko ya rasu. Irin wannan yana nuna dangantaka ne, ba ya yanke hukunci kan sanadi, domin mai yiwuwa ne rashin lafiya ce ta zaunar da mutum, ba zaman ne ya jawo rashin lafiyar ba. Akwai kuma gwaji, inda ake sa wasu atisaye ko kwanciya a ga abin da zai faru. Maƙalar ta fi dogara da wuraren da hujjojin biyu suka yi ittifaƙi. Galibin binciken a Turai da Amurka aka yi shi, don haka abin da aka ɗauko daga cikinsa shi ne yadda jikin ɗan Adam ke aiki, ba alƙaluman da za a liƙa wa Kano ko Damagaram ba.

3.0 Tushen Binciken

A 1953 likita Jeremy Morris da abokan aikinsa suka wallafa nazarin da suka yi wa ma'aikatan sufurin birnin Landan su kimanin 31,000 a mujallar The Lancet. Direba da kwandasta mota ɗaya suke ciki, awannin aikinsu ɗaya ne, amma direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakalar bas mai hawa biyu yana karɓar kuɗi. Direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, idan ya kama su kuma ya fi saurin kisa. Morris ya sami irin wannan bambanci tsakanin masu yawon raba wasiƙu da takwarorinsu na ofis.

Nazarin Morris hoto ne na wani lokaci guda. Wanda ya shigo da tambayar tsawon rayuwa shi ne Ralph Paffenbarger, da ya bibiyi tsofaffin ɗaliban Jami'ar Harvard su kusan 17,000. Rahotonsa na 1986 ya nuna cewa masu yawan motsi mutuwarsu ta ragu da kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku idan aka kwatanta da masu zama. Sai dai rahotonsa na 1978 ya fi kusa da tambayarmu. Waɗanda suka yi fice a wasanni suna ɗalibai, suka watsar bayan barin makaranta, ba su tsira da kariya daga ciwon zuciya ba. Wanda bai taɓa zama ɗan wasa ba amma yake motsi a halin da ake ciki ya fi su kariya. Tun daga nan da'awar dattijonmu ta fara samun tasgaro.

4.0 Abin da Jiki Ke Ajiyewa da Abin da Yake Zubarwa

4.1 Zuciya da Tsoka

A 1966 aka kwantar da samari biyar masu shekara 20 a gado na mako uku a birnin Dalas na Amurka. Ƙarfin jikinsu na jan iskar oksijin da sarrafa ta ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan biyar aka auna su, sai aka tarar kwanciyar mako uku ta fi yi musu ɓarna a kan tsufan shekara 30.

Ga dattijo abin ya fi muni. Gwajin da Kortebein da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya kwantar da lafiyayyun dattawa na kwana 10 kacal, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Ko babu kwanciya ma, daga shekara 30 tsoka na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan 60. Irwin Rosenberg ne ya raɗa wa wannan zaizayar tsoka suna sakofeniya a 1989. Ita ce ke sa tashi daga tabarma sai da dafa ƙasa, ɗaga buta ya zama aiki. Wani bincike da ya haɗa mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka wallafa a 2015, ya gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu na tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na hatsarin mutuwa.

4.2 Ƙashi

A nan ne dattijo yake da gaskiya. Ƙashi yana gama tara ƙwarinsa ne kafin mutum ya kai shekara 30, kuma nauyin da aka ɗora masa a yarinta shi ke sa ya yi kauri. Kannus da abokan aikinsa a Finlan sun auna hannayen mata 'yan wasan tanis a 1995, suka kwatanta hannun bugu da ɗayan. Bambancin ƙwarin ƙashi tsakanin hannayen biyu ya ninka sau biyu zuwa huɗu ga waɗanda suka fara wasan kafin balaga, a kan waɗanda suka fara da girmansu. Ashe guje-guje, tsalle-tsalle, langa da ɗaukar kaya daidai ƙarfi a yarinta suna barin abin da ke bin mutum har tsufa. Ƙashi rumbu ne da ake cikawa a kaka ɗaya, zuciya da tsoka kuwa randa ce, kullum sai an zuba.

4.3 Ɗabi'a

Saura tambayar ko yaro mai kazar-kazar shi ke zama dattijo mai motsi. Tun 1980 ake bibiyar dubban yara a Finlan har suka zama magidanta. Risto Telama da abokan aikinsa sun sami dangantaka tsakanin motsin yarinta da na girma, amma ba mai ƙarfi ba, kuma ta fi rauni a tsakanin mata. Abin da ke tsinka zaren shi ne sauyin rayuwa: barin makaranta, aure, haihuwa, sabon aiki, ƙaura, ritaya, mutuwar abokin zama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma a wannan fage tanƙwarar ba ta zama sai an ci gaba da riƙe ta.

5.0 Wanda Ya Makara

Idan wanda ya daina yana asara, shin wanda bai taɓa farawa ba yana da sauran rabo? A Uppsala ta ƙasar Suwidin an bibiyi maza 2,205 tun suna da shekara 50 a farkon shekarun 1970, har na tsawon shekara 35. Byberg da abokan aikinta sun ruwaito a 2009 cewa waɗanda suka ƙara motsi tsakanin shekara 50 da 60 ba su ga sauyi nan take ba, amma bayan shekara 10 hatsarin mutuwarsu ya daidaita da na waɗanda tun asali suke da yawan motsi. Girman ribar ya yi kusa da ta barin shan taba.

A 2019 Saint-Maurice da abokan aikinsa suka nazarci Amurkawa sama da 315,000, maza da mata masu shekara 50 zuwa 71, waɗanda aka tambaya yadda motsinsu yake tun suna samari. Waɗanda suka riƙe motsi tsawon rayuwa hatsarin mutuwarsu ya ragu da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Waɗanda suka yi zamansu sai bayan shekara 40 suka fara, su ma ragin da suka samu kusan haka yake. Waɗanda suka fara da ƙarfi suka watsar kuwa, mafi yawan ribar ta kuɓuce musu.

Gwaji ya tabbatar da wannan. A 1990 Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96, mazauna gidan kula da gajiyayyu a Boston, atisayen ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Ƙarfin cinyar waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100. A 2014 wani gwaji da ya ɗauki mutum 1,635 masu shekara 70 zuwa 89 ya nuna cewa tafiya da atisayen ƙarfi na sama da shekara biyu da rabi sun rage hatsarin kasa tafiyar mita 400 da kashi 18 cikin 100. Tsokar ɗan shekara 90 ma tana amsa kira.

6.0 Bambancin Maza da Mata

Mata sun fi maza tsawon rai a kusan ko'ina, amma sun fi su daɗewa cikin rauni. Dalilai uku ne a gaba. Mace tana shiga tsufa da tsoka ƙasa da ta namiji, don haka raguwa kaɗan ke kai ta ga kasa tashi. Bayan ɗaukewar jinin al'ada ƙashinta yana zaizayewa da sauri saboda raguwar sinadarin istirojin, har masana suka ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar da suka haura 50 za su samu karaya ta dalilin zaizayar ƙashi. Sannan tun daga balaga 'yan mata ke fara ja baya a motsi, giɓin kuma ba ya cikewa.

Karaya daga faɗuwa take farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma 'yan sama da 60 ne suka fi yawa. Bitar gwaje-gwaje da Sherrington ta jagoranta a 2019 ta nuna atisaye na rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin 100, musamman atisayen daidaita tsayuwa.

Wani sakamako na 2024 ya ƙara wa batun nauyi. A nazarin Amurkawa sama da 400,000, mata masu atisaye a kai a kai hatsarin mutuwarsu ya ragu da kashi 24 cikin 100, na maza da kashi 15. Ribar da namiji ke samu da minti 300 a mako, mace na samun kwatankwacinta da minti 140. Wadda aka fi barin ta a zaune ita ce ta fi cin riba idan ta motsa.

7.0 Yadda Abin Yake a Ƙasar Hausa

A ƙasashen da aka yi waɗannan bincike-bincike, motsin da ake aunawa galibi na nishaɗi ne, mutum ya keɓe lokaci ya yi gudu ko iyo. Bahaushe bai gaji haka ba. In aka cire kokawa, dambe da wasannin dandali, waɗanda na samari ne, motsinsa a cikin aiki yake: huɗa da noma da girbi, kiwo, jan guga, faskare, tafiyar cin kasuwa. Fataken da suka riƙa kai wa Gwanja sayen goro a ƙafa suke zuwa, wata da watanni. Motsin da aka ɗaure da aiki kuwa yana da ranar ƙarewa.

7.1 Mahaɗun Maza

Ga namiji yankewar kan zo ne a lokaci ɗaya. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya galibi yana ritaya a shekara 60 ko bayan aikin shekara 35, manomi kuma yana miƙa gona ga 'ya'ya. Daga nan wuni ya koma majalisa, a dakali ko gindin bishiya, daga hantsi zuwa magariba. Bincike a Turai ya nuna masu aikin ofis sukan ƙara tattaki bayan ritaya, masu aikin ƙarfi kuwa jimillar motsinsu faɗuwa take, domin ba su da abin da zai maye gurbin aikin. Yawancin dattawanmu a rukuni na biyu suke. A birni ma yankewar kan riga ritaya zuwa. Ranar da magidanci ya ajiye keke ya sayi babur, ko ya koma hawa A Daidaita Sahu zuwa inda dā yake takawa, ya sauya daga kwandastan Morris zuwa direbansa, alhali tuwon da yake ci bai ragu ba.

Abin da ya rage wa namiji shi ne masallaci. Idan tazarar tafiyar minti biyar ce, zuwa da dawowa sau biyar minti 50 ne a rana. Sai dai a unguwannin da kowane layi ke da masallaci tazarar ba ta kai haka ba, takun kuma na nutsuwa ne, ba mai sa haki ba.

7.2 Mahaɗun Mata

Mahaɗun mace sun fi yawa, sun fi kuma ɓoyuwa. Yarinya tana talla, tana ɗebo ruwa, tana gaɗa a dandali. Aure ya zo, musamman inda ake kulle, sai tafiya ta ragu, motsi ya koma na tsakar gida. A dā wannan motsi ba ƙarami ba ne, domin surfe, daka, niƙa a dutse, jan ruwa da wanki aiki ne mai fitar da gumi. Injin niƙa da famfo da 'yan garuwa sun ɗauke mafi yawansa, kuma babu mai hankalin da zai so a koma. Matsalar ita ce ba a sa komai a gurbinsa ba. Mahaɗa ta gaba ita ce ranar da aka kawo matar ɗa. Uwar miji ta ajiye muciya tun tana 'yar shekara 45 ko 50, daidai lokacin da ƙashinta ya fara zaizaya. Ita kuma a ɗaki take salla, ba ta da tafiyar masallacin da mijinta ke samu. Abin da ke fitar da ita sai biki, suna, gaisuwar mutuwa, dubiya da Islamiyya, su ma yanzu a abin hawa.

7.3 Girmamawar da Ke Zaunarwa

Tarbiyyarmu ta hana a bar babba da kaya ko tsintsiya. "Baba, kawo in riƙe." "Hajiya, zauna ki huta, ga yara." Wannan ɗabi'a abin alfahari ce, kuma ita ce ta sa dattijonmu bai san kaɗaicin gidan gajiyayyu ba. Amma idan aka tuna abin da kwanciyar kwana 10 ta yi wa tsokar lafiyayyun dattawa, za a ga cewa ɗan da ya ɗauke wa mahaifiyarsa kowane motsi yana rage mata ƙarfi ne da kyakkyawar niyya. Haka jinya. Tsoho ya yi zazzaɓin mako ɗaya, a hana shi sauka daga gado har mako uku, ya warke daga zazzaɓin amma ƙafa ta tafi.

Zaman ƙasa ma abin dubawa ne. A Birazil, Araújo da abokan aikinsa sun gwada mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80 a kan zama a ƙasa da tashi ba tare da dafawa ba. Rahotonsu na 2012 ya nuna waɗanda suka fi kasawa hatsarin mutuwarsu ya ninka na masu iyawa sau biyar zuwa shida. Wanda ke cin abinci a tabarma, yake sallar farilla raka'a 17 da sujada 34 a rana, yana riƙe da wannan iyawa ba tare da ya lura ba. Salla ibada ce, ba atisaye ba, ba kuma za ta wadatar da zuciya ba. Amma ranar da dattijo ya koma salla a kujera alama ce da ya kamata ta kai shi ga likitan gashin ƙashi, domin ciwon gwiwa da raunin cinya suna jin atisaye.

7.4 Wahala Daban, Atisaye Daban

Kada a fahimci maƙalar da cewa tana kiran a mayar da tsoho gona. Holtermann da abokan aikinsa sun nazarci mutum 104,046 a Kwapanhegan ta ƙasar Danmak, suka wallafa a 2021 cewa motsin nishaɗi na tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, aikin ƙarfi na sana'a kuwa da ƙaruwarsu. Dalilan da suka kawo su ne cewa aikin sana'a yana ɗaukar awanni babu isasshen hutu, ya ƙunshi ɗaukar nauyi da tsayuwa wuri ɗaya, yana barin bugun zuciya da hawan jini a sama tsawon wuni. Ɗan dako da mai faskare da matar da ta shekara 30 tana ɗaukar tulu sun motsa, amma sun biya da baya da gwiwa. Irin waɗannan idan suka ce sun gaji, gaskiya suka faɗa. Abin da suke buƙata shi ne motsi gajere, mai hutu, wanda su suka zaɓa.

8.0 Shawarwari

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga 'yan 65 zuwa sama shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Matsakaicin motsi shi ne wanda mutum ke ɗan haki amma yana iya magana. Ga yadda za a kusanto da ma'aunin.

Na farko, a rage tsoron adadi. Taku 10,000 da ake yayatawa ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka tallata a Japan a 1965. Nazarin I-Min Lee na 2019 kan mata 16,741 masu matsakaicin shekaru 72 ya nuna taku 4,400 a rana ya fi 2,700 rage hatsarin mutuwa nesa ba kusa ba, ribar kuma ta tsaya a wajen 7,500.

Na biyu, a kai ɗauki a mahaɗa. Taron shirya ma'aikata ga ritaya ya ƙunshi batun jiki, ba fansho kaɗai ba. Duk dattijon da za a sallama daga asibiti a koya wa masu jinyarsa yadda za su tashe shi ya taka. Matar da ta zo awon hawan jini ko ciwon sukari a auna sau nawa take iya tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30.

Na uku, a kai wa mata motsi inda suke. Makarantar Islamiyya ta matan aure wuri ne da suke haɗuwa su kaɗai, da yardar mazajensu. Minti 15 na tashi da zama, ɗage dugadugai, tsayuwa da ƙafa ɗaya a jikin bango da ɗaga gorar ruwa ba ya buƙatar kuɗi ko sauya sutura. Mace ce za ta koyar.

Na huɗu, a yi magana da abin da dattijo ya damu da shi. Ba ya neman rage tumbi. Yana so ya yi sujada da goshinsa, ya shiga bayi ba a riƙe shi ba, idan Allah ya kira shi Makka ya yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafarsa, ga shi sa'ayi kaɗai tafiyar kimanin kilomita 3 ce. Limamai da masu shirye-shiryen rediyo sun fi likita iya isar da wannan.

Na biyar, a kiyaye yanayi da lafiya. A bazara, inda zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, bayan asuba ko bayan la'asar ne lokacin tattaki. Mai jin ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ya ga likita kafin ya fara.

Na shida, manazarta su gyara ma'auni. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka mayar da takardar tambayoyin motsa jiki ta ƙasa da ƙasa zuwa Hausa, suka gwada ingancinta. Mataki na gaba shi ne bibiyar dattawanmu na tsawon shekaru, da tambayoyin da ke auna lokaci da salloli da damina da rani, suna kuma ambaton ayyukan tsakar gida da sunansu, domin matar da ta wuni tana wanki za ta ce ba ta motsa jiki ba. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, da jami'o'in Nijeriya da Nijar su ne suka dace da wannan aiki.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa motsin ƙuruciya yana barin ƙashi mai ƙwari, amma kariyar zuciya da ƙarfin tsoka na wanda yake motsi ne a yau. Ta nuna cewa makara ba ta hana riba, kuma mace, wadda ta fi saurin zaunawa, ta fi namiji samun riba daga motsi kaɗan. Ta kuma nuna cewa a ƙasar Hausa ba lalaci ke zaunar da dattawa ba, ƙarewar aiki ce da tausayin 'ya'ya. Tunda an san lokutan da motsin ke yankewa, wato aure, sayen abin hawa, zuwan matar ɗa, ritaya da jinya, an san inda za a tsaya a tare shi. Saƙon bai kamata ya tsaya ga dattawa ba. Masu ɗauke musu kaya ne za su fara jin sa: a ɗauke wa tsoho abin da ya fi ƙarfinsa, a bar masa abin da yake iyawa.